Giginyar da ta Tare Jirgina

Har yau ban taɓa ganin jirgin ƙasa da idona ba. Nan Birnin Kebbi ba mu da shi, Argungu ma babu. A wayar hannu na fara ganinshi: wani tsoho can wata ƙasa ya gina gari guda bisa tebur, ga ɗan jirgi kamar tsutsa shina zagayawa. Ban ji ko kalma ɗaya cikin abin da yake faɗi ba, hannunshi kawai nike kallo. Lokacin na gama sakandare, ina zaune gida unguwar Nasarawa ina jiran sakamako, sai na ce wallahi sai na yi nawa.

Kai, ku ji yadda na haɗa shi! Ƙofar tsohon kabad ɗin Inna ita ce filina. Layin dogo kuwa zaren tagulla ne da na warware daga matacciyar fanka, na miƙe shi, na manna bisa tsinken ashana da na yanka uku-uku. Tarago daga gwangwanin madara na yanko su, kowane bai wuce gaɓar babban yatsa ba. Ƙafafu maɓallan ƙarfe na tela. Injin da ke jan su kuma, kun san ɗan abin nan da ke sa wayar hannu kakkarwa? Shi na roƙa wurin masu gyaran waya, na haɗa shi da batirin agogo. Yatsuna duk gam, duk yanka. Ranar da kan jirgin ya fara motsi da kanshi na yi ihu har Inna ta yar da ludayi.

Sai na ce ba garin Turawa zan gina ba, namu zan yi. Jirgi ya tashi Birnin Kebbi, ya bi Zauro, ya ƙetare gulbi zuwa Gulma, ya leƙa Argungu, ya komo. Ma'auni kam ya rikice mini tun farko, don tarago ɗaya ya fi kasuwar Zauro tsawo, ban san yadda anka yi ba. Na bar shi haka. Gulbi shuɗiyar leda ce, fadama garin katako da na rina kore. Gulma ita na fi ba wuri, don can nike hutu tun ina ƙarami, kuma can gonar gadonmu take: rabi na Baba, rabi na Bappa, wan Baba, wanda ke zaune can shina noma su duka. Akwai wata giginya doguwa tsakanin gonakin. Na yi ta da tsinken tsintsiya da ɗan kaba. Na bi da dogo ta tsakanin gonakin biyu, giginya ta faɗo ɓangaren Bappa.

To nan dogon ke shan kwana, kuma nan jirgin ke faɗuwa. Duk zagaye, da ya iso Gulma sai ya kife cikin shinkafa. Na ƙara mishi nauyi da dalma, ya kife. Na goge ƙafafun, ya kife. Kwana huɗu ina abu ɗaya kafin na gane kwanar ce ta matse. Na ɓamɓare tsinkayen, na buɗa ta da faɗin yatsa biyu, dogo ya zagayo ta bayan giginya. Jirgi ya wuce sumul! Giginya dai yanzu ta koma ɓangaren Baba, amma wa ke ta giginya?

Ranar Juma'a Bappa ya zo, kamar yadda ya saba, da busasshen kifi cikin kwali. In ya zo sai ya ci tuwo, sai ya yi la'asar da mu. Ban bari ya ko sha ruwa ba na ja shi ɗaki.

Ya duƙa, ya yi dariya. "Kai ɗan nema! Wanga gulbi na?"

"Shi ne, Bappa. Ga Gulma nan."

"Lalle ga ta. Har da rumbuna." Ya bi jirgin da ido, ya zagaya sau ɗaya, sau biyu. Sai dariyar ta tsaya. Ya nuna da ɗan yatsa. "Wagga gonar wa ta?"

"Ta Baba."

"Wagga fa?"

"Taka."

"Wa yac ce ka aje giginya nan?"

Na fara yi mishi bayanin kwana da nauyi da yadda tarago ke kifewa. Bai saurare ni ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya fita. Inna na cewa "Yaya, ga tuwo an kwashe," ya ce ya ƙoshi. Munka ji tashin babur ɗinshi.

Ni dai na tsaya riƙe da tarago. Na ɗauka ko jirgin ne bai yi mishi kyau ba.

Inna ce ta zaunar da ni. Ta ce tun ban yi wayo ba, wata shekara ruwa ya yi yawa, ambaliya ta share kunyar da ta raba gonakin. Da ruwa ya janye, Baba ya ce iyaka na bayan giginya, Bappa ya ce a'a, tana gabanta. Sunka kusa zuwa gaban hakimi, sai kakarmu ta yi musu kuka, sunka bari. Tun ranar ba wanda ya sake ambaton itacen nan.

"Yanzu ya zo gidan ƙanenshi ya iske an zana ta ƙiri-ƙiri," in ji Inna. "Cewa zai yi ubanka ya sa ka."

"Inna, tsinken tsintsiya ne fa!"

"Je ka gaya mishi."

Juma'a ta zo, Bappa bai zo ba. Ta biyu ya zo, amma ƙofar gida ya tsaya, ya miƙa kwalin kifi, ya juya. Baba kuwa tuwonshi ya riƙa komowa rabi.

Na ce to ai gyara ba wuya. Na tsige giginya na dasa ta ɓangaren Bappa. Da hantsi Baba ya leƙo, abin da bai taɓa yi ba, ya daɗe tsaye bisa kaina.

"Da can ina take?"

"Can, Baba."

"To mi yad dawo da ita nan?"

"Don Bappa ya..."

"Au, kai ma ka yanke hukunci ke nan."

Ya fita. Na zauna na rasa abin da ke mini daɗi. Nan laifi, can laifi. Sai na cire ta gaba ɗaya, na jefa cikin kwalin ashana, na shafe ramin da garin katako. Inna ta shigo shara, ta gani, ta riƙe baki. "Ka sare giginyar da kakanka ya dasa? Maza kar ubanka ya gani." Wallahi na duba fuskarta ko wasa take. Ba wasa take ba.

Ni jirgi na so in yi. Tsohon nan na cikin waya ya dasa itatuwa sun fi ɗari, ban ga wanda ya zo ya tambaye shi ba.

Juma'a ta uku, da na ji babur, ban yi shawara da kowa ba. Na kinkimo ƙofar kabad ɗin gaba ɗaya, Zauro na zuba a ƙasa, na dire ta cikin zaure. Baba na nan bisa tabarma, bai daɗe da dawowa masallaci ba. Bappa na bakin ƙofa da kwalinshi. Na buɗe kwalin ashana, na miƙa tsinken tsakaninsu.

"Ni ban san inda take ba. Ku dasa ta da kanku."

Na ce a raina yau na sha mari biyu.

Bappa ne ya fara tuɓe takalmi. Ya shigo, ya duƙa, ya amshi tsinken. "Ai ko makaho ya san nan take."

"Haba Yaya," Baba ya matso, "in nan take, ina munka ɗaure jaki ranar da ya cinye maka hula?"

"Kai ka tuna jaki? Kai da ke kuka in an ce ka shiga ruwa?"

"Ni ko kai? Wa kada ta kora har ya bar wando?"

"Ba kada ba ce, gungume na, kuma kai kaf fara gudu!"

Sunka yi ta yi. Wannan ya soka tsinken, wancan ya zare. Sunka tumɓuke mini rumbu ɗaya da gwiwar hannu, ba wanda ya lura. Ina ta cewa ku yi hankali da dogo, ba mai jina. Can Bappa ya tsaya, ya dubi zaren tagullar da ya ratsa tsakanin gonakin.

"Wanga ƙarfe shi na iyaka?"

Na ce ni dai hanyar jirgi na yi.

Bappa ya ɗaga tsinken, ya soka shi daidai tsakiyar dogo, tsakanin ashana biyu, ya danna da babban yatsa. Ya dubi Baba. Baba ya dubi tsinken, sannan ya ce, "Kawo gam."

Ni na kawo, ni na ɗiga da hannuna.

"Bappa, to ta ina jirgin zai wuce?"

"Shi yas sani." Ya juya wajen ƙofar cikin gida, ya ɗaga murya. "Wai gidanga ba a tuƙa tuwo ba yau?"

Inna ta kawo kwano ɗaya, sunka sa hannu tare. Ni kuwa na ɗora jirgin daga Birnin Kebbi, don in tabbatar. Ya bi Zauro, ya ƙetare gulbi, ya sha kwanar da na yi kwana huɗu ina gyarawa, ya zo ya dafe giginya, ƙafafunshi na ta juyawa wuri ɗaya. Baba ya ce in kashe abin nan haka nan, ƙararshi na hana su magana.