Sarauniyar da Tartsatsi Bai Tura Ba

Tartsatsi mai walda ne, kuma ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. A rumfarsa ta bakin titi, tsakanin tarin rodi da ƙyauren da masu shi suka ƙi zuwa ɗauka, akwai benci da allon darar ces, mai sarki da sarauniya da dawaki da sojoji. Yayansa ne ya koya masa wasan tun suna yara, amma ya kasa koya masa haƙuri. Yaya mutum ne mai kare gida, ya zauna yana jiran ka yi kuskure. Shi kuwa Tartsatsi da an fara sai ya nufi sarkin abokin karawa. Ya ba da soja, ya ba da doki, in ta kama ya ba da sarauniya, muddin hanya za ta buɗe. Wata rana ya ci, wata rana a yi masa kaca-kaca ya tashi yana dariya.

Da wannan taurin kan ya kai ƙungiyar garinsu zagayen ƙarshe na gasar ƙasa, Yaya ne kyaftin. Lissafin a fili yake. In Tartsatsi ya yi canjaras, ƙungiya ta ɗauki kofi. In ya ci, ga kofi, ga shi da gurbin zuwa gasar duniya. In aka cinye shi, kowa ya tashi a tutar babu. Ya kuma san ba shi da wata shekarar, don hasken walda ya soma cin idonsa.

Da wani likita aka haɗa shi, zakaran ƙasa. Tartsatsi ya jefa masa doki, likita ya cinye, sojojin da ke tsare da sarkin likitan suka watse. Saura a tura sarauniya cikin wuta. Bai gama hango ƙarshen abin ba, amma jikinsa ya ba shi. Hannunsa ya fara tashi ke nan, likita ya share gumi ya ce a hankali, "Mu yi canjaras mana."

A gasar ƙungiyoyi ɗan wasa kan nemi izinin kyaftin kafin ya amsa. Tartsatsi ya ɗaga kai. Yaya na tsaye can gefe, ko allon bai kalla da kyau ba, don gudun kada kofi ya kuɓuce, ya gyaɗa kai alamar karɓa. Mutumin da bai taɓa ja da baya a gaban kowa ba ya kasa musa wa yayansa a bainar jama'a. Ya miƙa hannu.

Ana ta tafi, likita ya ce su sake duba wasan kamar yadda aka saba. Da hannunsa ya ɗauki sarauniyar Tartsatsi ya dire ta kusa da nasa sarkin. "Da ka buga wannan, da na gama yawo," in ji shi. "Ba ni da mafita, shi ya sa na roƙe ka." Har da murmushinsa, marar kunya.

Kofin na ɗakin Yaya har yau, ana ta goge shi. Tartsatsi bai ƙara zuwa gasa ba, ido ya ƙi. Haushin kuwa bai huce ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ya ƙera allo na ƙarfe, ya jera 'ya'yan yadda suke a ranar, ya manne kowanne da walda, sarauniya kawai ya bari sake.

Kwanakin baya Yaya ya biyo ta rumfar. Tartsatsi ya gaishe shi da ladabi, ya share masa benci. Yaya ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ɗauki sarauniyar.

"Ƙanena, abin nan ya wuce. Bari in tura maka ita mu huta."

Tartsatsi ya kashe injin, ya cire baƙin gilashinsa, jajayen idanunsa na zubar da ruwa.

"Ajiye ta inda ka same ta, Yaya. Ranar da nake ganinta sarai, kai ka hana ta tafiya."