Dakta Hammadu Da Hotunan Shanun Arɗo Sale

Shekara tara ke nan da rasuwar Dakta Hammadu, likitan dabbobi kuma abokina, amma har yau idan watan rasuwarsa ya kama ba na iya zama wuri ɗaya. In buɗe shago, in share, in fita bakin titi, in dawo ban sayi komai ba. Sunana Yohanna, mai ɗaukar hoto ne ni, shagona yana Arawa. Kowace shekara sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in fasa. Bana na ce ko ta yaya sai na rubuta.

Ya fara shigowa shagona ne a shekarun da garin Gombe ya cika da shingayen bincike, lokacin da ake laluba mutum a ƙofar kasuwa, a ƙofar masallaci da ta coci. Na zaci hoton fasfo yake so. Sai ya ajiye kwamfutarsa a kan teburina ya ce shanu zan ɗaukar masa.

Ga yadda ya bayyana mini aikin, da Hausar da zan gane. Kowace dabba tana ɗauke da wani dogon rubutu a jikinta wanda ta gada daga uwa da uba, haruffa huɗu ne kacal ake ta jujjuya su. Yana ɗibar jinin saniya, ya aika waje a karanto rubutun, a turo masa. Manhajar da yake amfani da ita tana shimfiɗa rubutun a kwance kamar layin dogo, ta ɗora 'yan akwatuna masu launi a wuraren da ake zaton suna da muhimmanci: nan ya shafi nono, can launin fata, can kuma juriyar cuta.

"Yohanna, a ruga aka haife ni," in ji shi, "amma sai in wuni ina kallon akwatunan nan in kasa tuna wace saniya ce a gabana. Lamba kawai nake gani."

Shi ya sa ya zauna ya rubuta wa manhajar wani ƙari da kansa. Idan ka taɓa akwati, sai hotunan duk shanun da ke ɗauke da wannan alama su jeru a gefe, ka ga rubutun, ka ga mai rubutun. Abin da yake nema shi ne dalilin da ya sa wasu shanu ba sa kwanciya da sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa musu, alhali 'yan'uwansu a garke ɗaya suna ramewa har su mutu.

Mun zaga rugage da dama, daga bayan Gabukka har can arewa wajen iyaka da Yobe, inda wani dattijo mai suna Arɗo Sale yake da garken da Dakta ya fi sa rai a kai. Tsarinmu mai sauƙi ne. Shi ya ɗebi jini ya sa wa kwalba lamba, ni in ɗauki hoton saniyar in rubuta lambar a littafi, bi da bi. Hoto na farko lamba ta farko, haka har ƙarshe.

A hanyarmu ta dawowa daga wurin Arɗo aka tsayar da mu a wani shinge. Aka ja Dakta gefe guda ana tambayarsa jinin mene ne a cikin kular ƙanƙararsa. Ni kuma wani jami'i ya karɓi kyamarata yana dubawa. Ba na ganin laifinsa, a kwanakin nan mutum da kyamara a daji abin tsoro ne. Duk hoton da ya ga hanya ko gada ta fito a bayan saniya, sai ya goge. Ina tsaye ina kallo, hannuwana a sama, ban iya ƙirga nawa ya goge ba.

Ban faɗa wa Dakta ba. Na daɗe ina cewa kunya ce ta hana ni, amma gaskiyar ita ce tsoro nake kada ya ce mu koma. Ina da mata da 'ya'ya, kuma hanyar nan ta fita daga raina. Na zauna a shago na haɗa hotunan da suka rage da lambobin yadda na iya tunawa. Shanun farare ne kusan dukansu. Na miƙa masa, ya yi godiya.

Watanni ya yi yana aiki a kai. Wata rana ya shigo yana murna, ya nuna mini wani jan akwati, ya taɓa shi, hotuna suka fito. Ya ce a ranar da muka je rugar, Arɗo ya nuna masa shanun da ba su taɓa yin sammore ba, kuma ga su nan, su ne ke ɗauke da alamar. Ya fara shirya takardar da zai aika a buga. Na taya shi murna da baki kawai.

Ana cikin haka aka afka wa yankin su Arɗo, aka kore garken gaba ɗaya. Dattijon ya tsira da iyalinsa, ya sauka gidan surukinsa a Kagarawal. Dakta ya ɗauko shi ya kawo shi shagona, don ni nake da janareta, yana so dattijon ya ga shanunsa ko ransa zai ɗan yi sanyi. Arɗo ya zauna gaban kwamfutar ya jingine sandarsa. Duk hoton da ya fito sai ya kira sunan saniyar, ya faɗi uwarta, ya faɗi 'ya'yanta, yana shafa gilashin da yatsa. Sai Dakta ya taɓa jan akwatin.

"Baffa, ga waɗanda ba sa kwanciya."

Arɗo ya matso da fuskarsa. "Wannan? A'a, ɗana. Wannan Mai Tabo ce, sau biyu tana faɗuwa, da kyar muka tashe ta. Wadda na nuna maka ranar, ƙahonta na hagu a karye yake. Ba na ganin ta a nan ma."

Dakta ya juyo ya dube ni. Ni na fara magana. Na faɗi duka, shingen, gogewar, da yadda na cike da ka. Ya rufe kwamfutar a hankali, ya taimaka wa Arɗo ya miƙe, suka fita.

Kwana uku bai zo ba. Na yi ta zarya tsakanin shago da bakin layinsu ban iya shiga ba. A rana ta huɗu sai ga shi da Arɗo, da ledar ƙosai. Ya ce, "Tayar da janareta, Yohanna. Da ka faɗa mini tun ranar, da mun koma garken yana nan. Wannan ba zan ɓoye maka ba, ya yi mini ciwo. Amma da Arɗo bai ga hoton nan ba, da na buga ƙarya duniya ta karanta da sunana."

Makonni suka yi su biyu suna warware abin da na cakuɗa. Arɗo yana faɗin wace ta haifi wace, Dakta yana duba rubutun jinin yana gano dangantakar, har suka mayar da yawancin hotunan mazauninsu. Da aka gama, sai jan akwatin ya daina nuna komai, yana jikin masu juriya, yana jikin marasa ita. Dakta ya janye takardarsa. Babu garken da za a koma a sake ɗiba. Kafin damina ta zagayo ciwon ƙoda ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Yanzu ina kallon garin nan ina tambayar kaina me zai ce. An kwashe buhunan yashi daga tituna, hanyar arewa ta buɗe, makiyayi ma yana ɗaukar saniyarsa hoto da wayarsa ya tura wa mai saye. Aikin da muka sha rana da tsoro a kansa, yau kowa zai iya yi. Ina jin da zai yi murna, sannan ya ƙosa, don bai iya jira ba. Ƙarin da ya rubuta wa manhajar kyauta ya sake shi, kuma wani abokin karatunsa ya taɓa gaya mini cewa akwai masu amfani da irinsa a kan masara da kifi. Ban san ko sun san sunansa ba. Arɗo ma ya rasu a Kagarawal, bai sake mallakar ko maraƙi ba.

Kafin in rubuta wannan na je na nemi izinin matarsa, Malama Aisha. Na fara ba ta labarin, ta ce ta sani, ya gaya mata tun a lokacin. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwamfutar, ta jona ta da wuta, ta buɗe mini aikin yadda ya bar shi. Shanun Arɗo suna nan a jere, kowace kusa da rubutunta. A ƙasa akwai layi bakwai da rubutun jini yake nan amma gurbin hoto babu komai, su ne waɗanda aka goge a shinge. Ta ce da yake kwance wani ya ba shi shawara ya sa hoton kowace farar saniya don shafin ya yi kyan gani, ya ce a bar su haka. A ƙarƙashin kowane gurbi ya rubuta kalma biyu: ba hoto.

Na daɗe ina kallon guraben nan bakwai. Ta tambaye ni ko ta kawo mini ruwa, na ce a'a, na gode, na miƙe na taka da ƙafa har Arawa. Allah ya jiƙan Dakta Hammadu.