Benci Ɗaya a Tashar da Ba a Gina Ba

Ranar da Kafinta ya fara taka ofishin da 'yarsa Auta ke aiki, ruwa ake yi tun da sassafe, ba iska ba tsawa, zuba kawai. Auta ta manta lemarta a bayan ƙofa, shi kuwa ba abin da zai yi da jiƙaƙƙen katako, sai ya ɗauka ya bi ta da ita.

Kafinta mutum ne marar hayaniya. Tun yana saurayi yake aikin katako, kujeru da gadajen rabin unguwar daga hannunsa suka fito. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: shekara da shekaru ba sa magana da ƙanensa, wanda kowa ke kira Direba. Bishiyar da mahaifinsu ya dasa a tsakar gida ce Kafinta ya sare ya yi ƙofofi, lokacin Direba yana kan hanya. Da ya dawo ya tarar da kututture, sai ya kwashe iyalinsa ya bar gidan. Tun daga nan ko a titi suka hangi juna, ɗaya ke tsallakawa.

Ofishin na masu zana gine-gine ne, a saman bene. Auta ta ja masa kujera kusa da kwamfutarta. A ciki ya ga wani makeken zauren tashar jirgin ƙasa, rufinsa gilashi, daɓensa na sheƙi, ga bencina a jere. Amma ko kaza babu.

"Ba a gina shi ba tukuna, Baba," in ji ta.

"To ina mutanen?"

"Ai aikina ke nan."

Ta jawo hoton wata mata mai jaka ta ajiye a bakin ƙofa. Matar ta tsaya kamar an rataye ta a iska. Auta ta shafa ɗan duhu a ƙarƙashin takalminta, ta ja inuwa zuwa dama, sai ga ƙafar matar ta taka ƙasa. Kafinta ya ce, "Ikon Allah!" Ta kawo wani yana sauri, ta ɗan dishe hannunsa don a ga tafiya yake yi. Na nesa ta ƙanƙanta su, na kusa da gilashi ta sa musu kamanninsu a ciki. Kafin ruwa ya tsagaita zauren ya cika maƙil, har Kafinta ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin kujera kada a taka shi.

"Su waye waɗannan bayin Allah?"

Ta ce akwai hotunan mutane na sayarwa, amma duk samari ne da 'yan mata masu fararen haƙora, ba mai kaya, ba wanda ya gaji. Shi ya sa take roƙon mutane ta ɗauke su hoto a jikin farin bango, ta yanke su ta adana. Ta shiga nuna masa: ga tela, ga mai shagon kwana, ga maƙwabciyarsu da jikanta. Sai ga Direba a kan kujera, ya miƙa hannu yana labari. Kansa ya yi fari fat, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Auta ta yi maza ta wuce. Amma wuyan rigar nan ya biyo Kafinta har gida.

Kafin ya tafi ta zaunar da shi a jikin bango. "Baba, saki fuska mana, ba kotu aka kawo ka ba." Ya yi dariya, ta ɗauka.

Masu wannan aiki ba fuska suke dubawa ba, haske suke dubawa. Da Auta ta zo cike benci na tsakiya, tsofaffi biyu take nema waɗanda haske ya bugo su daga hagu, don ta nan tagar zauren take. A duk tarin mutanenta biyu ne suka dace. A kwamfuta kowannensu bai kai ɗan yatsa ba. Ta haɗa su, ta yi musu inuwa ɗaya, ta wuce gaba, ba ta kawo komai a ranta ba.

Bayan wasu watanni aka buga hoton, girmansa ya kai bangon ɗaki, aka kafa a jikin shingen kwano inda za a yi ginin. Tela ne ya fara leƙowa shagon Kafinta. "Barka, barka! Ashe kun shirya shi ne ba ka faɗa ba?"

Kafinta ya ajiye zarto ya tafi ya gani. Ga shi nan zaune cikin taron mutane, ya fi kansa girma, yana dariya, ga hannun ƙanensa a kafaɗarsa. Haske ɗaya ya lulluɓe su. Ya san bai taɓa zama a wurin ba, ya san ma babu wurin, bayan kwanon nan rami ne da tarin yashi. Duk da haka sai da ya taɓa kafaɗarsa.

"Wa ya ba ta izinin ɗora hannuna a kan mutum?"

Direba ne a bayansa, yana dogara sanda, allon hoton yake wa magana.

Kafinta ma allon ya duba. "Ni ban ji nauyinsa ba."

"Kuma kana kafinta ka zauna a wannan benci? Dubi ƙafafunsa kamar na sauro."

"Ba zai yi shekara ba."

Motoci na wucewa.

"Ka tsufa, Yaya."

"Kai kuma ka rame. Me ke damunka?"

"Suga ne. Ya fara taɓa idon."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Wa ka tambaya?"

Kafinta ya sunkuyar da kai. Ana haka sai ga Auta a guje, labari ya kai mata. "Baffa, ka yi haƙuri, wallahi ban lura ba. Gobe zan sa a cire."

"A cire wa?" in ji Direba. "Ki bar abinki. Sai dai kin cuce ni, 'yar nan, kin sa ya fi ni tsawo."

"Ai na fi ka," in ji Kafinta.

"A hoto."

Da za su tsallaka titi Direba bai ga mai keke ba, Kafinta ya riƙo hannunsa. Bai ƙwace ba.

Maganar bishiyar ba su taɓa tayar da ita ba, kuma ba za a ce sun koma kamar da ba. Har yanzu ba a yi wa tashar rufi ba. Kafinta ya bar manyan ayyuka, yana ƙaramin shagonsa a bayan gida yana gyaran kujeru, ranar asibiti kuma shi ke raka Direba.