Mazari Bai Iya Zama Ba

Mazari muke kiran yayana tun yana yaro, don ko abinci a tsaye yake ci. Babanmu tela ne, mutumin da ba ya taɓa wani aiki sai ya gama na hannunsa. Da Yaya ya kasa makaranta, sai Baba ya ɗora shi kan keken ɗinki, wai zama zai sa masa natsuwa. Ina! Zai fara riga, ya ji fankar maƙwabci tana ƙara, ya tashi ya je ya kwance ta. Ranar da ya bar dutsen guga kan yadin wata mata har hayaƙi ya turnuƙe shago, Baba bai ko ɗaga murya ba. Ya karɓi almakashi daga hannunsa, ya ce ya je, Allah ya shirya.

Daga nan ya shiga yawon aiki kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ya yi ofis, yana cusa takardun wannan a fayil ɗin wancan. Ya yi kantin magani, ya tafi gida ya bar ƙofa a buɗe. Ko'ina da murna ake karɓarsa, don kansa na ja, bakinsa kuma da daɗi, ko'ina kuma da "sai haƙuri" ake sallamarsa. Matarsa ta jure iya juriya. Ta taɓa gaya mini ba babu ce ta gajiyar da ita ba, alkawari ne: da gaske yake ɗauka, da gaske yake mantawa. Ta tafi da 'yarsu.

Ya haura arba'in, Baba ya daɗe da rasuwa, lokacin da hawan jini ya kai shi asibiti. Likitar ta ga ba ya zuwa ranar da aka ba shi, in ya zo kuma ba ya zama, sai ta tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Can aka ce masa ADHD ce, lalurar da ke hana hankali tsayawa wuri ɗaya, kuma da ita ya taso.

Ya zo gidana ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Auta, ashe ba lalaci ba ne," ya ce. "Ashe abin yana da suna."

Yanzu gyaran wutar lantarki yake yi. Aikin ya karɓe shi: kowane gida da matsalarsa, yana gama wannan an kira shi can. Yana shan magani, wayarsa na tuna masa inda zai je. Unguwa kaf lambarsa ake nema. A ɗaki ɗaya yake zaune, shi kaɗai, da tarin wayoyin lantarki a kan gado.

Kwanan baya ya zo ya gyara mini soket. Yana ɗaure sukurori ya tambaye ni ko ya dace ya gaya wa uwar 'yarsa zancen lalurar. Na ce ta yi aure, ya bar kaza cikin gashinta.

"Na sani. So nake kawai ta san ba raini ba ne."

Wayarsa ta yi ƙara, wani gida babu wuta. Ya saɓa jaka ya fita.