Ciwon da ya zama kore a ƙafar yayana

Shekarun baya, yayana yana tuƙa jirgin ruwa mai inji daga Wara zuwa ƙauyukan da ke tsallaken babban tafkin da aka datse. Wata ranar kasuwa ya zame a bakin tashar jirgi, farfelar jirgi ta yanke shi a ƙwauri. Muka kai shi asibiti aka ɗinke. Ni ne mai jinya, don lokacin ana hutun makaranta kuma ni malami ne.

Ciwon ya fara kamewa, har ana maganar sallama. Ran nan da hantsi nas ta kwance bandejin, sai na ga hannunta ya tsaya. Audugar ta zama kore, irin koren gansakuka. Ba wari take ba. Wani ƙamshi ne mai zaƙi, kamar gwaibar da ta nuna ta wuce misali.

A gadon da ke kusa akwai wani dattijo makiyayi da aka yi wa aikin gwaiwa. Bai ko juyo ba, ya ja numfashi ya ce, "Ya iso gare ka kai ma, ɗana." Sannan ya ɗaga mayafinsa ya nuna mana nasa. Kore ne, iri ɗaya. Ya ce wanda ya bar gadon yayana ma haka ya yi, kuma ba da ƙafarsa ya fita ba.

Aka canza allura, aka sake canzawa. Zazzaɓi ya ƙi sauka. Ɗakin ya yi tsit, masu dubiya suka daina zama, ko gaisuwa a tsaye suke yi. Inna ta zo daga gida ta duba, ta ce ruwa ne ke biɗarsa, don shekara da shekaru yana ratsa kan tsoffin garuruwa da maƙabartun da tafkin ya haɗiye. Ni da nake koya wa yara kimiyya na yi mata dariya. Kafin la'asar kuwa ni ne na cusa layar da ta kawo a ƙarƙashin katifa, ina waige-waige kar nas ta gan ni.

Likita ya aika da ruwan ciwon wani babban asibiti a gwada. Da sakamako ya dawo ya kira ni gefe. Ya ce ba daga tafki yayana ya ɗauko abin ba, a nan ɗakin ya same shi. Wata ƙwayar cuta ce da ke zama a asibiti, a famfo, a ƙarfen gado, a hannun mutane, ta ɗanɗani magunguna har ta saba da su. Duk wanda aka gwada mata ta ƙi ji, sai guda ɗaya, shi ma yana iya taɓa ƙoda.

'Ya'yan dattijon ba su jira ba, suka ɗauke shi zuwa ruga wajen Shanga. Daga baya muka ji ya rasu. Allah ya jiƙansa. Yayana kuwa aka keɓe shi shi kaɗai, aka yi ta yanke ruɓaɓɓen nama, ana sa masa wannan allurar. Ya tashi. Yana ɗingishi har yau, amma yana kan jirginsa.

Ranar sallama na tambayi likitan ko yanzu abin ya bar ɗakin. Yana wanke hannu a lokacin. Ya daɗe yana cuɗa yatsunsa, sannan ya ce, "Malam, muna dai fata."

Har yau in na tuna, bayanin likita ya fi na Inna ba ni tsoro. Abin da Inna ke tsoro aƙalla yana da kunne, ana iya ba shi haƙuri. Da muke fita da kayanmu, na hangi an shimfiɗa sabon zane a tsohon gadon yayana, wani mutum yana cire takalmi zai hau.