Hankicin da Keziah Ta Ƙi Ɗauka

A ƙauyenmu na bakin kogi babu wanda bai san Keziah Holroyd mai wanki ba, amma kaɗan ne suka san yadda ta kusa rasa 'yarta saboda tsabar tsoro.

Wanki ta gada wajen uwarta a wani garin masaƙa na Ingila. Mijinta ya mutu ya bar ta da ciki. Wata rana hankicin siliki ya faɗo daga aljihun wani attajiri a kasuwa, ta sunkuya ta ɗauka, ta cusa a ƙirji maimakon ta kira shi. Alƙalan wancan zamani, waɗanda ba su taɓa kwana da yunwa ba, suka yanke mata shekara bakwai a Ostireliya. A cikin jirgin ruwa ta haifi Lotti.

Aka kai ta gidan aikin mata fursunoni, ta ci gaba da dirzar kayan sojoji. Dokar gidan ita ce da zarar yaro ya yi wayo, a raba shi da uwarsa a kai shi gidan marayu. Ga Lotti ta fara gudu da surutu. Keziah ta daina cin abinci.

"Ke, zama kina kuka ba zai hana su ba," in ji Tabitha, wata tsohuwar gidan. "Aure kawai zai fitar da ku tare. Maza na zuwa neman mata, ki wanke fuskar nan ki shiga layi."

Abin da Tabitha ba ta faɗa mata ba, don ta ɗauka kowa ya sani, shi ne yadda ake zaɓen. Namiji yakan yar da hankici a gaban wadda yake so. In ta ɗauka, ta amince ke nan.

Ranar, wani manomi mai suna Enoch Budge, gajere mai kunya, ya bi layin ya dawo, ya tsaya gaban Keziah, ya saki hankicinsa. Ta maida hannuwanta baya ta ƙanƙame su.

"Bawan Allah, abinka ya faɗi," ta ce da ƙarfi. "Kowa ya shaida ban taɓa ba."

Mata suka kwashe da dariya. Enoch ya ɗauka an ƙi shi ne, kunnuwansa suka yi ja, ya sunkuya ya ɗauke abinsa zai wuce gaba.

"Wawiya, miji ne ya faɗi, ba hankici ba!" Tabitha ta yi ihu daga baya. "Ka yi haƙuri da ita, ɗan nan, irinsa ne ya tsallako da ita teku."

Enoch ya tsaya. Shi ma satar tunkiyar wani ce ta kawo shi ƙasar, bai daɗe da gama wa'adinsa ba. Ya kama hannun Keziah ya danƙa mata hankicin.

"Ranki ya daɗe, ki shaida ni na ba ta," ya ce da shugabar gidan.

"Ba haka ake yi ba," in ji shugabar, amma ba ta hana ba.

Keziah ta dube shi. "Ina da 'ya. Ba na tafiya sai da ita."

"Tana tsoron kaji?"

"Ba ta taɓa ganinsu ba."

"To, za ta gani."

Bayan ɗaurin aure ya zo da amalanken shanu. Keziah ta rungume Lotti ta nufi ƙofa, kowane taku tana jiran a kira ta a ce ajiye yarinyar. Mai gadi ya buɗe yana hamma, ko kallonsu bai yi ba. Sai da gidan ya ɓace a bayan itatuwa sannan ta sassauta riƙon da ta yi wa 'yar, ta tambayi Enoch ko akwai burodi a cikin kwandon da ya zo da shi.