Baba Gado Mai Tura Keke

Ku da kuka zauna Yantala a waɗancan shekaru, wa bai san Baba Gado da kekensa ba? Keke lafiya lau, amma kullum tura shi yake kamar mai kai akuya kasuwa. In an ce, "Baba, hau mana!" sai ya ce, "Shi ma ɗan wani ne, ya huta." Ni matar ɗansa Isufu ce. Duk zamana a gidansa, sau uku na ga ya hau.

Ga shi da gyaran abin da ba a sa shi ba. Takalmi in ya kwana a ƙofar ɗaki, ya shiga hannu. Isufu ya taɓa sayo mini wasu masu tsini na zuwa biki. Ran bikin na fito, na tarar Baba ya sare tsinin, ya buga musu tayar mota a ƙasa. Ni ba bakin magana, suruki ne. Isufu ya ce, "Haba Baba, sababbi ne fa!"

"Rairayin Yantala bai san sabo ba. In ta faɗi da tulu, kai za ka tashe ta?"

"Biki za ta, Baba, ba famfo ba."

"To madalla. Ta yi ta rawa har jikokinta, ba za su cinye ba."

Haka na tafi gidan biki ina ƙwas-ƙwas kamar soja.

Shekarar da ruwa ya ƙi, kogi ya janye har ana ratsa shi da ƙafa, dangi suka taso daga ƙauye suka cika mana gida. Baba ya riƙa tura kekensa har Tondibiya, wajen wani abokinsa mai garka, yana samo mana zogala. Wata rana sojoji suka tsayar da shi a shingensu.

"Tsoho, mene ne a buhun nan?"

"Asirin ƙasa ne."

Suka zazzage, sai ganye. Babbansu ya ce, "Wasa kake da mu?"

"Wane wasa, ɗana? Bana ganyen nan ke riƙe da ƙasar, ba bindigarka ba."

Kai! A zamanin da ko a ɗaka mutum sai ya waiga kafin ya ambaci soja! Suka zaunar da shi a rana har la'asar. Da ya iso gida muna ta salati, cewa ya yi, "Yaran kirki ne. Hira ta yi musu daɗi, suka hana ni tafiya."

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na kwano. Lokacin ina da cikin fari, abinci kuwa sai jar dawar nan ta taimako, sau ɗaya a yini. In na aika masa da tuwo, sai ya yi loma biyu ya ɗaga murya: "Wa ya tuƙa wannan? Ba gishiri, ba kan gado! A mayar wa mai shi ta cinye abinta, hukuncinta ke nan." Kuma ba ya tashi sai an nuna masa kwanon wayam. Kullum haka. Ina ci ina hawaye, mutanen gida suna dariya.

Ran nan na gaji. Ina madafa na faɗa da ƙarfi, don ya ji: "Tsohon nan ba ya da godiya. Allah ya raba mu da tsufa irin wannan." Ya ji kuwa. Kashegari kwano ya dawo, amma ba faɗa, ba tsokana. Shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

Maƙwabciyarmu Hamsatu, Bazabarma, ita ta kira ni gefe. Ta ce, "Kala suru, ƴar uwa, ki yi haƙuri. Tsohonku kullum da azahar yana zaurenmu, dusa yake jiƙawa da ruwan tsamiya ya sha. Ya ce wa maigidana yarinyar nan baki biyu take ciyarwa, in ya ba ta da daɗin rai ba za ta karɓa ba."

Sau nawa na je ƙofar ɗakinsa na tsaya, kunya ta mayar da ni. Na ce bari sabon gero ya zo, in dama masa fura da nono, in durƙusa in roƙi gafara. Ruwa ya sauka, gero ya fara kai, sai zazzaɓi ya kwantar da Baba kwana huɗu. Bai ga kaka ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta Isufu ya ce mini, "Baba ya bar miki saƙo. Ya ce a gaya wa yarinyar nan gishirinta daidai yake."

Allah, ga Gado nan gare ka. Ka ƙosar da shi, ka sanyaya masa makwanci. Abin da na kasa faɗa masa a ƙofar ɗaki, kai ka isar masa. Amin.